Sandar da na hana Baba Bitrus

Laraba, da dare

Yau na kai sabuwar sandar wasan sinuka teburinmu na unguwar Galtimari, wadda na sa aka ƙera mini, har da sunana a jiki. Na daɗe ina zaɓen katako da nauyi, wai don wasan kullum.

A wajenmu, wanda aka cinye shi ke miƙa wa na gaba sanda. Aka cinye ni. Baba Bitrus, wanda ya koya mini wasan, ya miƙo hannu. Wallahi sai na ɓoye ta a bayana!

Ya yi murmushi ya ce, "Ba komai, ɗana." Ya ɗauki tsohuwar karkatacciyar sandar da kowa ke wasa da ita, ya cinye wanda ya cinye ni.

Ga sandar tawa can jingine da bangon ɗakina. Na juya sunan ya kalli bangon.