Keken Baba Ba Zai Je Ikko Ba

Wara, Ƙaramar Hukumar Ngaski,
9 ga Maris, 1993.

Zuwa ga ƙanena Sulaiman,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya sa kana lafiya, kai da matarka Khaulat. Mu nan mun gode Allah. Ƙanwarmu Altine ta haihu, an samu mace, Inna kuma tana nan da ciwon ƙafarta.

Takardarka ta iso, an karanta mana a tsakar gida. Mun ji Ikko ta gundure ka da hayaƙi da cunkoson motoci. Mun ji kun kafa ƙungiyar masu hawan keke ranar Lahadi don rage tumbi, har kana so a ɗora maka keken Baba a mota, wai ka riƙa tunawa da gida. Ka cika shafi biyu da kewar dorinai, yadda Baba yake goya ka a keke zuwa bakin ruwa kuna kallon su suna wanka. Ni ma na tuna, Sule. Ni ce nake biye da ku a ƙasa da kwandon kifi a ka, babu takalmi.

To bari in ba ka labarin dorinarka. Da kaka, ta shiga gonar shinkafarmu sau uku, ta bar mana kara. A watan azumin bara kuma mijina Mainasara ya fita duba tarunsa da hantsi, wata mai ɗa ta taso ta kife jirginsa, ta kama shi a hannun dama. Masunta suka jawo shi gaci, jini ko'ina. Babu mota a garin ranar. A kan wannan keken da kake so aka ɗaure shi da zanena, Dauda maƙwabcinmu yana turawa, ni ina riƙe da kansa, har asibiti. Hannun bai fita ba, amma ya shanye. Ba zai ƙara tuƙa jirgi ba. Yanzu da hannu ɗaya yake riƙe kan keken, yana kai bandar kifi ƙauyuka. Da shi muke ci, da shi uwarka take ci.

Na aiko maka da saƙo lokacin, ba ka amsa ba. Rasuwar Baba ma sai bayan arba'in ka zo, ka kwana biyu kana ƙorafin sauro. Da aka ba mu jihar Kebbi ka ce za ka nemi aiki kusa da gida, yau shekara ɗaya da rabi ke nan. Mainasara ya ce a ba ka keken, tunda na mahaifinka ne, shi zai san yadda zai yi. Na ce masa sai dai bayan raina. In gado kake nema, ka zo da ƙafarka ka karɓa daga hannunsa, kana kallon ɗayan.

Ka gaida Khaulat da Kawu Jibrin in kun haɗu. Ƙannenmu Hadiza da Altine suna gaishe ka. Inna ta hana ni rubuta wannan, amma zan rubuta: idonta ya fara rufewa, jiya ta kira ni da sunan Altine. Hoton da ka sako cikin takardar, ta juya shi sama da ƙasa, sannan ta tambaye mu ko ka yi ƙiba.

Wassalam.
Yayarka,
Talatu.