Ka Buɗe Rufin Ko Ana Ruwa

Zuwa ga ƙanena Clive,

Bayan gaisuwa, ya matarka Maureen da ciwon ƙafarta? Ya 'yan kulob ɗinmu na tsofaffin motoci, waɗanda suka rage?

Ni lafiya lau nake a Ostireliya. 'Yata Gillian 'yar albarka ce, ta ba ni ɗaki mai kallon katanga. Tun da idona ya yi rauni ta karɓe lasisina na tuƙi. Ni da nake kwance inji in mayar da shi da hannuna, yau a kujerar baya ake ɗaure ni kamar kayan cefane. Na nuna wa jikana hoton koriyar motata mai kujera biyu da na bari a wurinka, ya ce, “Kaka, ta ina ake sa mata caji?”

Na ji Trevor ɗan kulob ɗinmu ya rasu, motoci huɗu kacal suka raka shi maƙabarta. Da can in an yi mana rashi, layin motocinmu tare garin Coventry yake yi. Wai 'ya'yansa sun sa motarsa a kasuwa tun furannin kabarinsa ba su bushe ba.

Gillian ma cewa take, “Baba, a sayar da taka mana, ko shiga ba ka iya yi.” Kada ka saurare ta. Ka riƙa tayar da injin duk Lahadi.

A nan ba motar da za ta bi gawata. In labari ya iso ku, ka fito da motata, ka buɗe rufin ko ana ruwa, yadda muka saba. Tun muna samari kake roƙon in bar ka ka tuƙa ta. To, ka samu. Amma kada ka ɗauki kowa, kujerar gefenka tawa ce.

Yayanka,
Desmond