Za Ta Sauka Kwazazzabon Da Ya Ci Ubanta

Inna Nevena, don Allah ki agaza mini da shawara kafin kaina ya juye. Ban taɓa rubuto wa jarida ba, amma a garin nan namu na gindin dutsen Pirin, maganar da ka faɗa da safe kafin rana ta take tana kasuwa.

Mijina Stoil ya rasu bara, ƙarshen hunturu. Shi ke kula da injin igiyar da ke kai masu zamiya a kan dusar ƙanƙara zuwa saman dutse, kuma tun yana rarrafe ƙafarsa take kan katakon zamiya. Ranar hutunsa ya bar hanyar da aka share, ya shiga wani kwazazzabo da ya sha sauka. Iska mai ɗumi ta taso daga kudu, ƙanƙara ta zafto ta binne shi. Karnukan masu ceto ne suka gano shi. Na ga fuskarsa, Inna, kuma ba zan ce komai a kai ba.

To ga shekara ta kusa zagayowa. Dafaffiyar alkamar da za a raba a ƙofar coci, hoton da za a liƙa, giyar inabin da za a zuba a kabari, duk na tanada. Amma mazan zamiya na garin nan suna da tasu al'adar. Idan dutse ya ci ɗayansu, ranar cikar shekara, ba jiya ba, ba gobe ba, sai su hau su sauko ta inda ya faɗi, su zuba giyar a daidai wurin. Kuma jininsa ne zai ɗauki kwalbar ya shige gaba. Mu kuwa Radina kaɗai Allah ya ba mu. Shekararta ashirin da uku, tana koya wa baƙi zamiya a kan allon nan guda da ake ɗaure ƙafa biyu a kai.

Kircho, aminin marigayi, ya zo har ɗakin girkina, ya shanye mini kofi, yana ta kurin wai 'yar Stoil ta fi maza goma. Tsohon banza, gwiwarsa ɗaya ƙarfe ce, bai daddara ba! Na ce masa ai ranar za ta faɗo ne a lokacin iskar kudu, lokacin da ya kashe ubanta. Ya ce dutse ba ya cin gida ɗaya sau biyu. Wai dutsen ne ya rantse masa?

Surukata Tsveta ta fi ba ni ciwo. Ta ce in ba a zuba giyar a can ba, ɗanta zai zauna da ƙishirwa har abada, kuma ni 'yar kwari ce, ban san dutse ba. Ni da na tsufa a gidan nan! Ita kuma Radina ba ta musu da ni. Sai dai in leƙa tsakar gida in gan ta tana goga wa allon kaki, ta ce in ba ta je ba da wane ido za ta kalli mutane. Na yi tunanin cusa allon a murhu. Tsoro nake ji, Inna, kuma haushin Stoil nake ji yana kabarinsa. In hana ta, in rasa ta da rai? Ko in bar ta?

Uwa Mai 'Ya Ɗaya

'Yar'uwata, Allah ya ba ki haƙuri. Tsoronki ba rashin sanin dutse ba ne, kin san shi fiye da yadda kika so.

Ki bar allon nan. In kin ƙona shi za ta ari wani, ta hau da fushi, mai fushi kuwa ba ya duba ƙasa. Radina ba yarinya ba ce, kuma ba taurin kai take yi ba, makokin ubanta take yi da abin da ya koya mata. Tsveta ma kada ki ɗauke ta abokiyar gaba. Uwa ce da ta binne ɗa, kwalbar nan ce kaɗai abin da ya rage ta iya yi masa.

Aibin al'adar ɗaya ne: ta ɗaure mutane da kwanan wata, ƙanƙara kuwa ba ta san kwanan wata ba. Don haka kada ki yaƙi giyar, ki yaƙi ranar. Ki je wurin shugaban masu ceto, wanda ya tono mijinki, ki roƙe shi ya zauna da Kircho a gaban Radina. Abin da ba za su ji daga bakin uwa ba, za su ji daga bakinsa. A yi addu'a da rabon alkama a ranar, hawan kuwa sai ranar da shi ya ce ƙanƙara ta zauna. In ba ta zauna ba, a jira bazara a taka da ƙafa, har ke ki bi su ki ga wurin.

Ki kuma je wurin Tsveta ke kaɗai, ba da faɗa ba. Ki tambaye ta, in rana ta ɓaci, wa zai ɗauki kwalbar Radina.

Ba zan yi miki ƙarya ba, mai yiwuwa duk da haka ta hau. In ta kai ga haka, ki tabbata ta ɗaura na'urar da ake gano wanda ƙanƙara ta binne, ki raka ta bakin ƙofa, ki rungume ta. Amma kafin nan ki faɗa mata gatsal, ba kwana-kwana, cewa mutanen da take jin kunya za su koma gidajensu su ci abinci, ke ce za ki zauna da kujeru biyu babu kowa.

Allah ya jiƙan Stoil, ya sauko miki da 'yarki lafiya.

Inna Nevena