Kifin Da Ya Hana A Tashe Ni

Zuwa ga Innata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa irin ta ɗiya da mahaifiya, da fatan Allah ya ƙara haskaka makwancinki. Na zo ne in ba ki gaskiya a kan wata tsohuwar gardama, don haka ki gyara zama.

Watan jiya santsi ya kwashe ni a bakin ruwa, na zube a kan ƙugu kamar buhun gero. Autana Bashiru ya taso daga Birnin Kebbi ya kafa mini doka: za a auna ƙashina a asibiti, in ya yi rauni, zamana a Wara ya ƙare, sai gidansa. Hankalina ya tashi ƙwarai. Wa zan bar wa kabarinki?

Kin tuna shekarar da aka datse kogin Kwara a Kainji, ruwa ya haɗiye gungunmu, tsibirin nan da muke zaune a kai? Ina 'yar shekara takwas, ni da kika haifa shekarar 'yancin kai. Da tafkin ya cika, sai ga warangi ko'ina, kifin nan da bai kai ɗan yatsa ba. Na rantse ba zan ci ba, tunda a ɗakinmu yake iyo.

Ke kuwa ko a jikinki. Ki shanya shi, ki daka, ki zuba a miyar kuka. Na soye kuma ki tsare ni sai na taune har kai. Kullum maganarki ɗaya: "Ruwa ya canye gidanmu, mu ma mu canye ɗiyanai, har ƙashi!" Ina kuka ina ci, ina gamawa ki aza mini tulu in hau tudu da shi.

To, an auna ni, Inna. Likitar ta ce ƙashin mace in ta tsufa yakan zama kamar azarar da gara ta ci, waje lafiya, ciki fanko, faɗuwa ɗaya sai karaya. Nawa kuwa a cike yake dam, ko tsagewa bai yi ba. Ta tambayi abin da na ci ina yarinya. Da na faɗa mata ta yi dariya, ta ce kifi da ƙashinsa, da rana, da ɗaukar kaya, su ke gina ƙashi tun ƙuruciya, tsufa kuma cin abin da aka tara yake yi.

Bashiru ya koma shi kaɗai, da ƙullin warangi na matarsa da ɗiyansa mata.

Kin yi gaskiya, na ji kunya, kuma ina kewarki ba kaɗan ba. Ruwa ya tashe ni sau ɗaya. Na biyun, ke kika hana.

Allah ya jiƙan ki, ya sa Aljanna ce makomarki, amin. Ranar Juma'a ina nan tafe in gaishe ki, da ƙafata.

Taki mai taurin kai,
Kulu