Wasiƙu Uku Ba Kwanan Wata

Ɗana,

Gargaɗi tukuna, gaisuwa daga baya: kada ka kuskura ka sake aiko da takarda gidan nan ba ka rubuta kwanan wata a samanta ba. Ka ji ni da kyau.

Bayan haka, ina gaishe ka da fatan kana lafiya, ko da yake ban san ko lafiyar kake ba, kuma laifinka ne. Babanka da matarka da 'yarka suna nan ƙalau, sai tunaninka.

Ranar Talata wani direban babbar mota ya kawo ambulan guda, wasiƙunka uku a ciki, bayan wata huɗu ba mu ji ɗuriyarka ba. Na tambaye shi wacce ka fara rubutawa, ya ce shi ma a tasha wani ya miƙa masa.

A ɗaya ka ce kana kwance a tantin likita, ƙarfen bom ya shige maka cinya, kuma ba abin da kake kewa kamar faɗana da safe. A ɗaya ka ce garau kake, ka wanke safa ka shanya a igiyar tanti, ku huɗu kuna shan shayi da kofi guda, har da ba'a wai kukunku ya fi abokan gaba haɗari. Ta ukun layi biyar ce kawai: gobe za a tura ku bakin daga, a yi maka addu'a, a shafa maka kan yarinya.

To, wacce ce halin da kake ciki yau?

Matarka ta jera su a tebur: lafiya, bakin daga, rauni. Hujjarta, ta raunin da fensir ka rubuta ta, wato biro ya ƙare, ita ce ta ƙarshe. Tun ranar ba ta ci abin kirki ba. Babanka ya ce rauni ne farko, ka warke, aka mai da kai bakin daga. Yanzu ko wanka zai shiga sai ya ajiye rediyo a bakin ƙofa.

Ni da na yi sakandare, na koya maka da hannuna cewa kwanan wata ake fara rubutawa, na koma sa tabarau ina duba ninkin takarda. Har sansana su na yi, Allah ya gani. A ta raunin ka tambaya ko yarinya ta fara rarrafe, a ta lafiyar ka tambaya ko ta fara takawa. Na ce shi ke nan, rauni ya riga lafiya. Matarka ta ce mai zazzaɓi yana iya mantawa da watannin 'yarsa. Na tsawata mata. Ta bakin dagar kuwa ba ka tambayi komai ba, ko'ina aka sa ta sai ta zauna.

Kowa ya wuce tebur sai ya sauya jerin, har takardun sun fara yagewa. Ba zan ɓoye maka ba, ni ma na sauya sau biyu da ba kowa a ɗakin. Soja ne kai ko ba soja ba, sakaci sakaci ne, ga abin da ya jawo wa iyayenka.

Yau da safe na zura zare a allura, na ɗinke su wuri guda: bakin daga, rauni, lafiya. Ban ce na sani ba. Amma na tara su na kafa doka: a gidan nan ka ji rauni, ka warke, kana shanya safa. Duk mai wani lissafi ya riƙe shi a cikinsa, ba a teburina ba. Kuma ba mai warware zaren nan sai kai, da takarda mai kwanan wata, ko da hannunka.

Allah ya tsare ka.

Mahaifiyarka