Sarin da Muka Saƙa da Babanka

Ayyampettai, watan Aippasi

Zuwa ga ɗana Elangovan,

Bayan gaisuwa da sa albarka, ina fata kana lafiya, kai da matarka Sutapa da jikata Madhurima. Yaya tarin nan naka? Kalkata gari ne mai laima, ka riƙa shan romon tsamiya da masoro ko da Sutapa za ta yatsine fuska. Ni lafiya lau, in ban da gwiwa.

Takardarka ta iso, na ji an sa bikin Madhurima watan Tai. Don murna sai da na dafa shinkafa mai zaƙi na raba wa layinmu kaf. Yanzu saura maganar sari, zanen da za ta ɗaura, wato wanda muka saƙa da babanka. Tun rasuwar babanka ka tafi da shi, ka ce ɗakina na yoyo, kuma ban sake sa shi a ido ba. Na faɗa maka a lokacin, ina kuma maimaitawa, alharini mai nauyi ba ya son daɗewa a ninki ɗaya. Duk bayan 'yan watanni a warware shi ya sha iska a inuwa, a sake masa ninki, in ba haka ba zai tsage a kan layin ninkin. Ina fata Sutapa tana yi. Su can sun saba da audugarsu ta Bangal, wadda in ka ɗaga sai ka hango maƙwabcinka ta ciki. A wanke, a sa sitaci, a shanya, shi ke nan.

Namu na nan yankin Kanci ka san ba haka yake ba. Jikin zanen daban, bakinsa daban, kuma mutum ɗaya ba ya saƙa shi. Babanka a dama, ni a hagu ina jefa ƙoshiyar baki, muna sarƙe shi da jikin zare bayan zare, tun ina amarya har na yi furfura. Duk abin da ya sauka daga masaƙarmu ya tafi kantin mai ba mu aiki, an sayar da sunan kantin. Wannan kaɗai muka riƙe, shekarar da aka haifi Madhurima. Jikin launin nunannen mangwaro, bakin ja, ɗawisu na zaren azurfa a jere. Babanka yakan leƙo gefena ya ce, "Ponnu, ɗawisunki sun fi nawa ƙiba, me kike ba su?" Ni kuma in ce, "Abin da kake hana naka." Ka nuna wa yarinyar, ta san wane gefe ne na kakarta.

Gwiwa ba za ta bar ni shiga jirgin ƙasa ba. Hoto kawai nake so.

Mahaifiyarka,
Ponnammal

Ayyampettai, watan Margali

Ɗana Elangovan,

Ina gaishe ku duka, da fatan hidimar biki ba ta kayar da kai ba. Sanyin asuba ya shigo, gwiwa sai haƙuri.

Na karanta amsarka har sau biyu. Kifi nawa za a saya, masu busa nawa za a kira, duk ka faɗa, amma sarin ko sunansa ba ka kama ba. Sai can ƙasa na ga rubutun Sutapa, wai amarya a Bangal jan sari irin Banarasi take ɗaurawa, dangin ango ba za su yarda da wani ba. Banarasi! Ƙyalƙyali tun daga sama har ƙasa, kamar motar da aka yi wa ado. To, ban ce komai ba, kowace ƙasa da abin da idonta ya saba. Amma raina ya ɓaci, Elango, ba zan ɓoye maka ba. Maƙwabciyata Andal har da dariya a bakin famfo. Ta ce, "Ponnammal, kin yi asarar shinkafa, jikar taki ta masu cin kifi ce." Na ce mata ta ji da 'yarta da ke yawo cikin nailan.

Tunda ba za a ɗaura ba, ka dawo mini da abina. Ni da mijina ya mutu ba zan sa ja da azurfa ba, na sani. Zan ajiye shi ne, ina warwarewa ina ninkewa, in na ji kwanana ya ƙarato in kai shi ɗakin bauta a ɗaura wa abar bautarmu Uwa Kamatci ko da Juma'a ɗaya ce. Masaƙar ma na sayar, ba abin da ya rage mai hannun babanka da nawa sai shi.

Ka aiko shi ta hannun mutum, kada ka sa a gidan waya. Mutane sun lalace a kan azurfa. Jiya mai sayen tsohon alharini ya biyo layinmu a keke yana ihu. Ka san su, a bayan kasuwa suke ƙona sarin a cikin kasko su kwashe azurfar, duk unguwa ta ɗauki ƙaurin gashi. Ya tsaya ƙofata ya ce, "Iya, ba ko guda a akwati?" Na ce, "Akwai tsintsiya, in ɗauko?" Bai jira ba.

Ka gaida amarya.

Mahaifiyarka,
Ponnammal

Ayyampettai, watan Masi

Elangovan,

Ina fata kun huta gajiyar biki. Hoton ya zo, Madhurima ta yi kyau, Ubangiji ya zaunar da ita lafiya.

Ƙunshin ma ya zo. Tun da ɗan aiken ya miƙo mini na ji bai kai nauyi ba, gabana ya faɗi. Na buɗe, sai ga 'yar fitilar azurfa da takardarka a ƙarƙashinta.

Ka ce da wasiƙata ta farko ta iso kuka buɗe akwatin, kuka tarar ya tsage a kan kowane ninki, don ba wanda ya taɓa shi tun ranar da ka ajiye. Ka ce Sutapa ta yi kuka, kai kuma ka kasa faɗa mini. Ka ce wani maƙerin azurfa ya ba ka shawara, don kada aikin babanka ya tafi a banza, a ciro azurfar a yi mini fitilar da zan riƙa kunnawa gaban hotonsa. Na san da zuciya ɗaya ka yi. Shi ya fi yi mini ciwo.

A ƙarƙashin masaƙa ka yi rarrafe, Elango, da kuɗinta ka yi karatu, amma ba ka san wannan ba? Tsaga ana ɗinke ta. Ko ba ta ɗinku ba, da ka aiko mini tsumman, zan gane ɗawisuna da yatsa ko idona a rufe. Na yi ta juya fitilar nan ina neman nawa gefen, babu. Andal ta shigo ta ce, "Kai, ɗanki ya iya kyauta!"

Na zuba mai na kunna, tunda ka ce in kunna. Tana ci sosai. Sai dai ban iya duban hoton babanka ba.

Zaren azurfar nan daga garin Surat ake kawo shi, a kanti muka saya, kowa da kuɗinsa zai samu. A duk sarin, shi kaɗai ne abin da ba mu muka yi ba. Shi ka aiko mini. Namu ka ƙone.

Kada ka damu da zuwa bana. Ka kula da tarin.

Mahaifiyarka,
Ponnammal