Kalmar "Ƙarfi" da Aka Faɗa Mini Kafin Kemo

Zuwa ga Shugaban asibitin da na yi jinyar ciwon daji, a nan garin Bauchi.

Ranka ya daɗe, assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ka da aiki, ina gaida likitocinka da ma'aikatan jinya, da fatan kowa yana lafiya da iyalinsa.

Sunana Sa'idu, tela ne ni a Wunti. Shekara biyar ke nan, ina da wata huɗu da aure, wata kaluluwa ta fito mini a wuya ta ƙi sauka. Aka yanki nama aka auna, aka ce daji ne. A asibitinku aka yi mini ƙarin ruwan kemo, Allah ya ba ni lafiya, ga ni yau ina taka keken ɗinki. Ban manta da wannan alheri ba, kuma ban zo cin mutuncin kowa ba. Kuka na kawo a kan kalma ɗaya.

Na farko, yadda aka yi mini bayani. Ranar da za a fara maganin, baffana ne ya raka ni, yayan mahaifina, dattijon da tun tasowata ban taɓa haɗa ido da shi ba. Mu Fulani ne, ko sunan matata ba na iya kamawa a gabansa. Likita ya yi bayani da Turanci, wata ma'aikaciyar jinya tana juyawa da Hausa. Ta ce gashi zai zube, za a yi amai, baki zai yi ɗaci. Da likita ya zo wani wuri, sai na ga ta ɗan dubi Baffa, ta sunkuyar da kai, ta ce maganin yana iya rage mini ƙarfi. Ni kuwa na ɗauka kasala take nufi. Baffa ya ce ba komai, fura da nono za su mayar da shi. Aka miƙo takarda na sa hannu. Ban ga laifin baiwar Allah nan sosai ba, kunya ce irin wadda aka raine mu da ita duka. Amma abin da likita ya faɗa daban, abin da ya shiga kunnena daban.

Na biyu, abin da wannan kalma ta jawo. Bayan na warke ƙarfi ya dawo, har na yi ƙiba, na ce alhamdu lillahi, ni abin da aka tsoratar da ni bai same ni ba. Shekara ɗaya, biyu, uku, matata Zuwaira ko ɓatan wata ba ta yi ba. Ranka ya daɗe, ka san garin nan, ka san wanda ake kallo idan gida ya yi shiru. Babu jiƙon da yarinyar nan ba ta sha ba. Ta sha rubutu, ta yi hayaƙi, ta hau acaɓa har Miri wurin wata tsohuwa mai magani ta dawo da ciwon ciki na kwana uku. Sau biyu aka yi mata hoton mahaifa, ta fito tana dafa bango. Ni nake kai ta, in zauna a benci ina jira, kamar wanda babu ruwansa. Ni da nake ɗinka wa matan unguwa ankon suna, ita take taya ni sa maɓalli. A wani gidan suna ƙanwata ta ce mata juya a gaban mutane. Ta dawo gida, sai na ga ta ninke ankonta ta sa a ƙasan akwati.

Bara wani matashin likitan mata ya tambaye ta ko mijinta ya taɓa yin wata babbar jinya. Ya sa aka auna ni, aka sake aunawa. Babu ƙwayar haihuwa ko ɗaya a maniyyina. Na kai masa kwafin takardar da na sa wa hannu, ya ɗora yatsa a kan wata kalmar Turanci a tsakiyar shafi, ya ce ma'anarta rashin haihuwa. Ita ce aka juya mini da "ƙarfi".

Na uku, kuma shi ya fi ci mini rai. Matashin likitan nan ya ce da an faɗa mini a fili, akwai asibitoci a manyan birane da ke karɓar maniyyin mutum su daskarar da shi kafin a fara kemo, ya ajiyu shekara da shekaru, in ya warke a yi amfani da shi ga matarsa. Ya ce a irin ciwona jinkirin 'yan kwanaki yawanci ba ya ɓata magani. Na tambayi malaminmu, ya ce tsakanin miji da matarsa, igiyar aure tana nan, malamai da yawa ba su hana ba. Ban ce da lalle na samu ɗa ba, haihuwa ta Allah ce. Wataƙila ma da ban iya ɗaukar nauyin abin ba. Amma da na sani, da na sayar da keken nan na gwada. Ba a ba ni damar in ce e ko a'a ba.

Ba zan ɗora muku laifin duka ba, ni ma ina da nawa. Wata bakwai na yi da sakamakon nan a aljihun tsohuwar riga, bakina ya yi nauyi. A cikin watannin nan Zuwaira tana ta shan ɗaci a gabana ina kallo. Ranar da na faɗa mata ba ta yi kuka ba. Ta tambaye ni tun yaushe na sani, na faɗa, ta tashi ta ɗauki mayafinta. Yau sati shida tana gidansu a Fadaman Mada. Na aika mata cewa idan tana son rabuwa haƙƙinta ne, ba zan tauye ta ba, shekarunta ashirin da shida kacal. Ta aiko cewa rashin ɗa tana iya haƙuri da shi, abin da ba za ta iya ba shi ne a ci gaba da kiranta juya ina zaune na yi shiru.

Saboda haka, ranka ya daɗe, ga roƙona. A rubuta takardar nan da ake sa wa hannu da Hausa, kalmar haihuwa ta fito ɓaro-ɓaro. Idan za a yi wa saurayi ko budurwa, magidanci ko matar aure wannan bayani, a roƙi ɗan rakiya ya ɗan fita, ko da minti biyar ne, namiji ya yi wa namiji, mace ta yi wa mace. Sannan a faɗa wa mara lafiya cewa akwai hanyar ajiya, ga maza da mata, ko da asibitinku ba ya yi. Ku nuna masa inda ake yi, ya zaɓa da kansa.

Na so in aiko maka da wannan wasiƙa a rufe cikin ambulan. Na buɗe ta ne saboda akwai waɗanda nake so su ji tare da kai: Baffa, ƙannena, matan unguwa da suke kawo mini ɗinki. Zuwaira lafiyarta ƙalau, likita ya tabbatar. Ni ne ba na haihuwa. Duk wanda ya taɓa jifarta da wannan suna, ya je ya nemi gafararta, kamar yadda nake nema. Ko ta dawo ko ba ta dawo ba, na sauke mata wannan kaya.

Allah ya taya ka riƙon wannan amana, ya sa albarka a hannun likitocinka, ya ba marasa lafiya sauƙi. Allah ya raya maka zuri'arka, ya sa ka ga jikokinka.

Wassalamu alaikum.

Sa'idu Tela,
Wunti, Bauchi.